Ramin Babbaka a Bayan Ɗakin Yayata

Anti Salamatu, don Allah ki taimake ni da shawara. Abu ya tsaya mini a wuya, kuma a gidan nan ba ni da wanda zan faɗa wa.

A Barkin Sale muke zaune da mijina Yona, a gidan gadonsu shi da wansa Shekwolo. Yona masinja ne a sakatariya. Shekwolo kuwa babbaka yake yi wa mahauta, kawunan shanu da ƙafafu da fatar ganda. Da can da itace yake yi. Tun shekarar da aka canja kuɗi ya ce itace ya yi tsada, ya koma ƙona tsofaffin tayoyin da yake kwasowa wurin masu faci. Ramin babbakar yana bayan katangarmu, daidai tagar ɗakin baya. A wannan ɗakin yayata Rifkatu ta yi shekara goma sha ɗaya, tun da mijinta ya rasu a Zungeru. Ni na je na ɗauko ta, Anti. Ni na share mata ɗakin da hannuna.

In kin shanya farin zane da safe, kafin rana ta take ya koma ruwan toka. Ruwan randa sai an yaye baƙin da ke samansa. Yaya in ta fyace hanci, baƙi ƙirin. Sau nawa na yi magana? Yona sai ya ce wansa kamar uba ne, kuma farfesun da muke sha ran Lahadi daga ramin nan yake fitowa.

Bara ta ji ƙululu a nononta na hagu. Wata bakwai ta ɓoye, tana shafa man zafi. Da muka je asibiti aka ce ciwon daji ne, aka cire nonon, amma an riga an makara. Wata nas da ta ji irin tarinta ta tambaye mu ko cikin hayaƙi take zama. Na kalli Yona, ya sunkuyar da kai. Sati biyu bayan Ista muka binne ta.

Abin da ya fi ƙona mini rai a ranar jana'iza ya faru. Matan zumuntar cocinmu suna ta raɗa wai ita ta jawo wa kanta, don tana saka kwabban cinikin gyaɗarta a rigar mama. Shi kuma Shekwolo ya kawo gudummawar kawunan shanu biyu, waɗanda ya babbake da taya a safiyar, gawa tana kwance a ɗaki, hayaƙi yana shiga ta tagarta. Jama'a suka ci suna sa masa albarka. Ban ci ba, kuma har yau ban gaishe shi ba. Na tsane shi, ba zan ɓoye miki ba.

So nake in kai ƙararsa wurin duba-gari. Yona ya ce ranar da na yi haka in haɗa kayana, ga 'ya'ya huɗu. Ni ma kwanan nan na ji wani abu kamar ƙwayar gyaɗa a nonona na dama, ban gaya wa kowa ba, kuma ba shi ne a gabana yanzu ba. In kai Shekwolo ƙara ko in haƙura in ci gaba da shaƙa?

Taki,
Ƙanwar Marigayiya, Barkin Sale, Minna

*

'Yar'uwa, sannu da rashi. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa Rifkatu ta huta.

Na kai wasiƙarki wurin wata likitar mata. Ta ce maganar kwabbai a riga ba ta da tushe, masu raɗa sun zalunci yayarki. Ta ce hayaƙin taya guba ne, bai kamata kowa ya kwana ya tashi a cikinsa ba, kuma ba za ta cire shi daga zargi ba. Amma ba likitan da zai rantse miki cewa shi ya kawo ciwon, domin wani lokaci yana bin dangi. Saboda haka ki daina hukunta kanki kan ɗakin da kika ba ta. Kin ba ta wurin zama ne lokacin da ba ta da shi.

Shekwolo ya yi ganganci, abin da ya yi ranar jana'iza kuma rashin tunani ne. Sai dai bai zauna ya ƙulla kashe kowa ba, ƙirjinsa ma ya fi na kowa kusa da ramin. Ku samu fastonku da wani dattijo a danginsu, su haɗa da sarkin pawa, a nema masa wuri a bayan gari. A ba shi wata guda. In ya ƙi, zuwa wurin duba-gari haƙƙinki ne da na 'ya'yanki. Kafin nan kada yaro ya kwana a ɗakin baya.

Yanzu faɗa zan yi miki. Kin cika takarda da Shekwolo, kin ba kanki layi ɗaya. Kin ce ba shi ne a gabanki ba. Shi ne a gabanki. Ba kowane ƙululu ne daji ba, amma asibiti kaɗai za su tantance, kuma ke ƙanwar mai ciwon ce. Ran Litinin ki je, ki gaya wa likita labarin yayarki. Kafin ku fita ki kama hannun Yona ki ɗora a wurin, ya ji da yatsunsa, sannan ya faɗa miki wa zai haɗa kaya.

Ƙarar Shekwolo za ta iya jiran wata guda, wannan ba zai jira ba. Allah ya sa a ce miki ba komai ba ne, ya bar ki ki ga auren 'ya'yanki huɗu.

Anti Salamatu