Filta Mai Lamba Biyu

Mihara, farkon watan Mayu

Zuwa ga Yaya Fumie,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya Tokuji da jikoki. Yaya gwiwar taki? Ina fata ɗumin da aka fara ya sa ta lafa. Mu nan ƙalau muke, in ban da abin da zan gaya miki.

Bari in fara da albishir. Ɗanki Noboru ya samu matar aure. Sunanta Mizuho, ma'aikaciyar jinya ce, iyayenta manoman lemo ne a wani tsibiri can kudu da mu. Sun gayyace mu mu je a ga juna kafin a sa rana. Da na ji, a gaban tukunya na tsaya ina hawaye.

To, sai maigidan nawa Motoharu ya ce ba za mu hau jirgin ruwan fasinja ba, a jirginsa za mu je. Kin san tun da ya rufe shagon taliya ya sayi tsohon jirgin ruwan nan mai zanen da iska ke turawa, ba shi da zance sai nasa. Abin da ba ki sani ba shi ne, zanen a naɗe yake tun ranar da aka sayo. Ya ce iska ba ta da alƙawari, inji ne abin dogaro. Injin kuwa tun kaka yake kwance, tankinsa rabi mai rabi wofi.

Jiya ya ja ni shagon kayan jirgi sayen filtar tace man inji. Ashe guda biyu ne a jirgin. Na farko shi ne mai ƙoƙon gilashi a ƙasa, inda ruwa da datti ke taruwa, na biyu kuma a jikin injin yake. Matar shagon ta miƙo masa mai lamba talatin, ta ce shi ake sawa a farko. Ya tambayi wanne ya fi tacewa, ta ce mai lamba biyu, amma na jikin inji ne. Ya ce, "Baiwar Allah, na tsufa ina tankaɗe gari. Rariya in ba mai laushi ba ce, ai kwando ce." Ta ce, "Baba, zai toshe fa." Ya ce, "Abin da ya toshe shi ne ya yi aiki." Haka ya kwaso masu lamba biyu cike da jaka, ya fito yana taƙama kamar ya ci kasuwa.

Yanzu haka yana ɗaki yana murza taliyar soba da zai kai wa surukai. Ki yi mana fatan alheri, Yaya. Ba na son yaron nan ya ji kunya.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Kinue

Wata ƙaramar tashar masunta, ranar Alhamis

Yaya Fumie,

Bayan gaisuwa da fatan kin tashi lafiya. Yaya gida, yaya jikin Yaya Tokuji? Ki yi haƙuri da warin da takardar nan za ta zo miki da shi. Na wanke hannuna har fata ta yi ja, bai fita ba.

Mun baro gida da safe cikin ruwa lafiyayye, injin yana ta ƙugi, maigida yana tsaye da sabuwar hula yana ɗaga wa duk jirgin da ya gifta hannu. Muna fita sarari ruwa ya fara jijjiga mu. Can sai injin ya yi tari, ya yi kamar zai taso, ya yi shiru.

Ya sauka ƙasa da sifana. Da ya haska ƙoƙon gilashin sai ga ruwa kwance a ƙasan man, da wani baƙin abu mai yauƙi kamar ruɓaɓɓen ganyen teku. Duk ƙazantar da ta kwanta a tanki tun kaka, jijjigar ta tayar da ita. Ya zaro filtar baƙi ƙirin, ya ɗaga mini ita da murna, ya ce, "Kin gani? Da kwandon matar nan ne, da duk wannan ya wuce!"

Ya sa sabuwa. Amma ba a nan aikin ke ƙarewa ba. In an buɗe filta iska na shiga bututu, sai an sassauta wata 'yar kusa, ana danna famfo da yatsa har kumfa ya ƙare mai ya fito zalla. Ni ce mai dannawa, shi ne mai leƙawa. Ya ce in ƙara ƙarfi, na ƙara, man ya yi tsartuwa ya same shi a goshi. Ya ce da gangan na yi. Ban yi da gangan ba, Yaya, amma ban ji haushi ba.

Haka muka wuni. A yi ɗan nisa, inji ya mutu, a sauya, a danna. Kafin mu lallaɓo tashar nan jakar ta koma saura guda ɗaya. Nan kuwa babu mai sayar da irin namu.

Muna cin shinkafa da yamma na kasa haƙuri. Na ce, "Baban Noboru, a shago wace rariya kake fara sa wa sabon niƙa?" Ya ce mai manyan ido mana, don ta kwashe ƙaiƙayi, sannan mai laushi. Na ce, "In ka fara da mai laushin fa?" Ya buɗe baki zai ce toshewa za ta yi, sai ya rufe. Daga baya ya ce gari daban, mai daban, kuma gishiri ya yi yawa a miyata.

Na ce mu bar jirgin a nan mu hau na fasinja. Ya ce ya riga ya gaya wa surukai su tsaya a bakin gaɓa su ga shigowarsa. Na dube shi, tsoho da mai a gira, sai tausayinsa ya kama ni. Tun da ya bar shagon nan babu wanda ya sake tsayawa jiran abin da zai fito daga hannunsa. Sai na haƙura.

Gobe za mu ratsa mashigin da ruwansa ke gudu kamar kogi, da filta ɗaya tal.

Taki har kullum,
Kinue

Tsibirin su Mizuho, ranar Lahadi

Yayata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Kwantar da hankalinki, muna raye, kuma aure yana nan.

A tsakiyar mashigin filtar ƙarshe ta cika. Injin bai ko yi tari ba. Ruwa ya ɗauke mu a karkace, ga duwatsu a dama, ga wani ƙaton jirgin kaya ya nufo mu yana busa ƙaho. Maigida ya faɗa ƙasa yana ƙoƙarin wanke tsohuwar filta a roba, yana cewa, "Yanzun nan, yanzun nan!" Na leƙa na ga sifana ta suɓuce masa.

Yaya, kin tuna kwalekwalen Baba, da yadda yake sa mu jan igiya muna yara yana yi mana tsawa? Ashe hannu bai manta ba. Na kwance ɗaurin zanen, na rataya a jikin igiya da duk nauyina. Zanen ya tashi, ya zubo mini tsohuwar sheƙar tsuntsu a ka. Iska ta cika shi, jirgin ya kwanta gefe guda, robar man ta kife a kan maigida. Ya leƙo yana ihu, "Kinue, me kika taɓa?" Na ce, "Riƙe igiyar nan ka rufe mini baki!" Tun da muka yi aure ban taɓa gaya masa haka ba. Ya riƙe. Jirgin kayan ya wuce ta bayanmu, kusa har ina ganin wani yana shanya riga a samansa.

Daga nan sai shiru. Babu ƙugi, babu hayaƙi, sai ƙarar ruwa a jikin katako. Na kama kaina ina dariya ni kaɗai.

Haka muka shiga tashar, ni a kan sitiyari da ciyawa a gashi, shi yana ɗiga. Surukai suna jere a gaɓa cikin kayan fita kunya. Noboru ya rufe fuska da hannu. Mahaifin yarinyar, Kuramoto, ya rusuna ya ce bai taɓa ganin shigowa mai kyau irin wannan ba. Maigida ya rusuna ya ce ai dama shi ya fi son tafiya da iska.

Saura taliya. Ashe a ƙasa ya ajiye akwatin, kusa da inji, wai ya fi sanyi. Uwar Mizuho ta dafa, aka zuba wa kowa. Loma ɗaya na gane warin mai ya shige ta. Kowa ya gane. Amma Kuramoto mutum ne mai kunya, ya cinye kwanonsa tas, idonsa na ruwa, ya ce taliyar tana da wani ƙamshi na musamman. Maigida ya ji daɗi ya ƙara masa. Sai Mizuho ta ajiye tsinken cin abincinta ta ce, "Baba, in ka ci wannan kar ka kunna sigari yau." Uwarta ce ta fara fashewa, sai kowa. Maigida ya ɗanɗana nasa, ya yi ja har kunne, sannan shi ma ya yi dariya har yana dukan tabarma. A nan na san yarinyar nan tamu ce.

Jiya shi da Kuramoto suka zuƙe tankin suka wanke shi, suka aika a kawo mai lamba talatin. Na ji shi yana koya wa surukin nasa cewa mai manyan ido ake fara sawa, a riƙa duba ƙoƙon gilashi kafin a tashi, kuma kada a bar tanki rabi a lokacin sanyi. Kai ka ce da sanin aka haife shi.

An sa rana, cikin kaka. Noboru ya roƙe mu, har da rusunawa, mu zo biki a jirgin fasinja. Babansa ya yi masa alƙawari, ni kuwa aka manta ba a tambaye ni ba. Don haka ki shirya, Yaya. Ki zo da takalmin roba da maganin gwiwarki, ina bukatar mai riƙe mini igiya.

Ki miƙa gaisuwata ga Yaya Tokuji, amma kar ki karanta masa ƙarshen nan.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Kinue