Kwana Biyun da Na Ce Zan Yi

Litinin, 7 ga Afrilu

Duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa, ya yi mini afuwa da na ɗora masa wahalar karanta abin da ba zai amfane shi ba. Ba don kowa nake rubutawa ba. 'Yata ce ta sayo shi, ta ce in riƙa gwada idon da aka yi wa aiki. To ga shi ina gwadawa. Yanar ta fita, alhamdu lillahi, har layukan takarda ina gani.

Kwanana tara a birni. Gida a hawa na huɗu, ba tsakar gida, ba ƙasar da mutum zai taka. Na gaida maƙwabciya a matakala, ta ce "lafiya" ta wuce, ko gajiya ba ta tambaye ni ba. Shekara goma sha ɗaya ina ƙin zuwa garin nan, kuma ban ga abin da na rasa ba.

Da zan taho Inna ta riƙe mini bakin mayafi. "Yaushe za ki dawo?" Na ce, "Kwana biyu zan yi, Inna." Na bar ta a hannun Auta, ƙanwata. Tsufa ya fara taɓa Inna, sunayen mutane suna zube mata, amma ni ba ta taɓa ɓata ni ba. Kullum da hantsi ni ke biya mata ƙananan surori tana bi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Mota, mota, mota. Kaina kamar ana daka.

Talata, 15 ga Afrilu

'Yata ta ce ba za ta bar ni ina kallon bango ba, ta tafi da ni wurin aikinta. Babban ɗakin karatu ne, ita tana sashen gyaran tsofaffin takardu. Dogon teburi, fitila mai lanƙwasa wuya, burushi 'yan ƙanana, kowa da farar safar hannu. Shugabarsu wata dattijuwa ce, a bayan idonta suna ce mata Mai Tabarau, don guda biyu take ratayawa.

Na tarar suna kan wasiƙun wata mata da ta daɗe da rasuwa, da ajami ta riƙa rubuta wa wanta. Wani malami mai furfura ya karanta da ƙarfi: "Mijina ya rasu ya bar mini kunya arba'in." Suka yi ta jimami. Wane irin miji ne wannan, me ya aikata haka? Har shafi biyu malamin ya rubuta a kan baƙin cikin matar.

Na yi niyyar in kama bakina, ba wurina ba ne. Amma layin ƙasa, wanda ruwa ya ci rabinsa, hannun irin na malaminmu na allo ne, na gane shi kamar fuskar ɗan'uwa. Na ce, "Gafara dai malam, kunyar gona take nufi. Ga shi nan ta ce ashirin ta shuka, ashirin ta bar wa ciyawa don ba ƙarfi."

Sai Mai Tabarau ta fashe da dariya har ta cire tabarau ɗin duka biyu. "Malam, shafi biyu kana yi wa baiwar Allah kuka, ashe ita noma take!" Shi ma ya yi dariya, mutumin kirki ne. Ta juyo ta ce, "Yaya, gobe ma ki zo mana."

'Yata ta yi mini wani kallo da ban san tana da shi ba.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Likita ya sallame ni. Ya ce ko yau na ga dama in tafi.

Auta ta kira. "Yaya, me likita ya ce?" Na ce, "Ido ya yi kyau. Amma zan ƙara kwana biyu." Ban ce likita ne ya ce ba. Ita ta ɗauka haka. Na juya maganar gaba da baya, ban sami ƙarya a cikinta ba, kowa ya san kwana biyu ba a ƙirga shi da yatsa. To me ya sa na idar da la'asar na daɗe ina istigfari?

Laraba, 23 ga Afrilu

Wasiƙa ta goma sha bakwai. Guda sittin da ɗaya ne a akwatin. Ina karantawa, malamin yana rubutawa, in ya yi gardama Mai Tabarau ta ce, "Kai dai tuna kunya."

An rubuta sunana a kati an rataya mini a wuya. A gida ni 'yar Inna ce, ko matar marigayi, ko mai awakin bakin rijiya. Na manta rabon da in ji sunana tsirara haka.

Da azahar na sauka ƙasa. Akwai zauren da aka jera hotunan duwatsu da tekuna, na tsaya gaban wani har ƙafata ta yi tsami. A zaure na gaba wata mata tana bayani a kan taurari, maza cike da kujeru sun yi tsit, ba mai cewa ta gajarta. Ayoyin da na haddace tun ina 'yar shekara tara a kan rana da wata, kowanne a falakinsa yana iyo, yau na ga zanensu a bango. Na yi tasbihi. Da muka fito muka bi ta layin masu sayar da littattafai, tun daga kwana har gada, wasu a ƙasa a kan buhu. Ban sayi komai ba, na dai taɓa.

Ba na son birni. Wannan ginin kawai.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Auta: "Inna kullum sai ta tambaya yau kwana nawa da tafiyarki. Ina ce mata ɗaya, don in na ce fiye sai ta ɗau sanda ta nufi bakin hanya." Ta ce jiya da sunan Gwaggo Inna ta kira ta, Gwaggon da ta rasu tun muna yara.

Ta kara wa Inna wayar a kunne. Na yi sallama sau uku. Na ji Inna tana cewa, "Wa kuka sa a cikin abin nan?"

Auta ta karɓa. "Yaya, ke da kike cewa birni kurkuku ne mai fitila, ko ɗaurin suka yi miki?" Muka yi dariya. Tata ba ta kai ciki ba. Ban gaya mata zancen wasiƙu ba.

Juma'a, 2 ga Mayu

Ruwan farko ya sauka a gida, in ji Auta. Nan ma an yi, amma ba ƙamshin ƙasa, sai na kwalta. Na yi kewa har na buɗe jaka. Na rufe.

Talata, 6 ga Mayu

Muna wanke kwanuka 'yata ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Umma, ranar da aka ba mu shaidar gama karatu, na ajiye miki kujera a layin gaba. Jakata na ɗora a kai har aka tashi." Na ce ai awaki ne suka hana. Ta ce, "Na sani." Ta ci gaba da ɗauraya.

Ba awaki ba ne. Tsoro ne, kada in zo a ga ƙauyancina, sai na sa masa rigar ƙin birni, har ni kaina na yarda. Shekara goma sha ɗaya. Da na zo lokacin, Inna da ƙarfinta, ita ke tatsar awakin ma. Komai na yi shi a bai-bai: lokacin da ya kamata in zo na zauna, lokacin da ya kamata in koma ga ni zaune.

Wasiƙa ta talatin da huɗu gobe. Matar ta sami mai taya ta huɗa.

Litinin, 12 ga Mayu

Auta ta kira, ko gaisuwa babu. "Yaya, Inna ta daina tambaya."

Na cire katin na miƙa wa Mai Tabarau. Ta ce in riƙe. A wasiƙa ta arba'in muka tsaya.

Laraba, 14 ga Mayu

Na iso da la'asar. Gari kore shar, iska mai daɗi, tun daga bakin hanya ake yi mini sannu da zuwa, har da wanda ba ma shiri. Wannan ne abin da nake yi wa 'yata gori da shi, kuma gaskiya ne, yana nan.

Inna tana kan tabarmarta a gindin bango. Na durƙusa na gaishe ta. Ta gyara ɗankwali, ta amsa mini da ladabi irin wanda take yi wa manyan baƙi. Ta ce wa Auta, "Ke, kawo wa baƙuwa ruwa." Sannan ta ce mini, "Kin yi rashin sa'a, baiwar Allah, babbar 'yata ba ta nan. Ta je birni a duba mata ido. Amma kwana biyu za ta yi."

Na ce, "Inna, ni ce." Ta yi murmushi ta ce, "Allah sarki."

Auta ta dire kofin a gabana. A hankali ta ce, "Kwana arba'in da shida, Yaya. Ni na ƙirga." Ba ta ƙara ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na gaya wa Auta komai, har ranar da likita ya sallame ni. Ta ce, "Da kin ce mini abin da kike so ke nan, ai da na ce ki zauna ko ki dawo, amma da bakina." Na nemi gafararta. Ta ce ta yafe, tana ta tankaɗe ba ta ɗago ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Da hantsi na zauna kusa da Inna na fara biyawa. Ta bi ni tiryan-tiryan, ko wasali ba ta ɓata ba. Da muka shafa ta ce, "Muryarki irin ta 'yata. A ina kika yi allo?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ashe tare kuka yi. In ta dawo zan haɗa ku."

Auta ta ce wataƙila ko ina nan hakan za ta faru. Wataƙila. Allah ne masani. Ni dai ba zan taɓa sani ba, kuma ni na jawo.

Talata, 20 ga Mayu

Mun yi shuka a bayan gida, ni da Auta, kunya goma sha biyu. Ina tsakiyar ta bakwai na tsinci kaina ina tunanin matar nan, ko ta samu ta nome sauran ashirin ɗin. Na yi a'uzu. Tunanin bai tafi ba.

Ba inda za ni. Nan ne wurina, kullum da yamma ni da Inna muna zaune muna duban hanya, muna jiran 'yarta. Katin yana cikin jakar Alƙur'anina, don kada ya ɓata ne kawai.

Ƙasan shafin nan zan yage in ba direban motar safe ya kai wa 'yata, ta miƙa wa Mai Tabarau:

Malama, bayan gaisuwa. Ki yi haƙuri da damuwa. In ana iya ɗaukar hoton sauran wasiƙu ashirin da ɗayan a aiko mini, zan karanta a nan in rubuto muku da boko, kada malam ya sake sa baiwar Allah a wani halin. Zuwa kam ba zan ce ga rana ba, kuma ba zan ce kwana biyu ba. Don Allah ki amsa mini da wuri.