Ba kunyar ɗan fari ba ce

Dakoro, daren Talata

Yau ma an yabe ni. Goggo Rabi ta ce wa Inna, "Ɗiyarki ta san kunyar ɗan fari, ko kallon yaron ba ta yi." Ni kuwa na san ba kunya ba ce. Tun da na haihu, in ina ba shi nono ji nake kamar ɗan maƙwabta aka miƙo mini. Barci ya ƙi, sai kuka ba dalili.

Da na kai shi awo gidan likita, ungozoma ta tambayi lafiyata. Na ce lau, hawaye suka ƙaryata ni. Ta tura ƙofa, na faɗa mata komai. Ta ce ciwo ne da ke kama mai jego, yana da magani, in dawo Alhamis.

Abin da ke cina, bare na buɗe wa cikina, alhali Inna ta baro gonarta a Korahane tana dafa mini ruwan wanka safe da yamma. Ɗazu ta ce, "Allah shi miki albarka, kin fidda ni kunya." Na ce amin.

Ga shi yana barci. Ba kowa, na daɗe ina kallonsa. Ka yafe mini, yaro. Alhamis zan koma.