Lambar Sirrin Asibitinmu Tana Hannun Tela

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da mai sunan Baba. Mu nan alhamdu lillahi, Inna na nan da ƙarfinta, yarana sun koma makaranta, Kawu kuma yana can babban asibitinmu yana fama da jama'a. Na ba surukinsa takardar ya kawo maka hannu da hannu, domin na gaji da kiran da ba a ɗagawa da saƙon da ake karantawa a yi gum. Kada gaisuwar ta ruɗe ka, raina a ɓace yake.

Kafin ka tafi kai ka haɗa mana komai. Ka zuba bayanan marasa lafiya a sabar nan, wato babbar kwamfutar da ke ofishin Kawu, mu nan reshe muna shiga daga nesa ta intanet. Har ka sa muka daina buɗe fayil na takarda, kana mana dariya wai mun tsufa. To, watan jiya wuta ta ƙona na'urar intanet ɗinmu, muka sa sabuwa, daga nan kwamfuta ta ƙi buɗe bayanan. Injiniyan da muka kira ya wuni a durƙushe ƙarƙashin teburina. Ya sake wayoyi, ya kira kamfanin intanet suka rantse layinsu lafiya lau, ya gwada sabar ya ce tana amsawa, hanya a buɗe take. Na kira Kawu, ya ce su nasu yana aiki, wataƙila mu ne ba mu iya ba. Ka dai san Kawu. Daga ƙarshe injiniya ya gano sabar ta ɗauke mu baƙi saboda sabuwar na'urar, sai ta tura lambar sirri zuwa wata waya kafin ta bar mu mu shiga. Ya nuna mini ƙarshen lambar wayar, na ga tsohon layinka ne, wanda ka yar da ka sauka can.

Na kira, ya shiga. Wani ya ɗaga, ƙarar keken ɗinki na tashi a bayansa. Ashe kamfanin waya ya sayar wa wani tela layinka. Da na ce ya karanto mini lambar da ta shigo masa, ya ɗauka 'yar damfara ce, ya wanke ni tas ya kashe. Ban ga laifinsa ba. Sai da na tura masa hoton asibitin da katin aikina ya yarda. Tun daga ranar, kowace safiya ni babbar nas sai na gaishe da tela, ya cire allura daga baki ya karanto mini lamba da sauri kafin ta mutu. Sirrin masu ciwon suga, da masu juna biyu, da waɗanda ko iyalinsu ba su san cutarsu ba, duk yana aljihun mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Wannan shi ne tsaron da ka yi ta cika mana baki da shi?

Makon jiya aka kawo tsohon direban Baba ranga-ranga. Na san akwai allurar da jikinsa ba ya ɗauka, amma wacce? A daidai lokacin intanet ta ɗauke ta dawo, sabar ta sake neman lamba, tela kuwa ya tafi sayen yadi ya bar wayar a caji. Na tsaya da sirinji a hannu, 'ya'yan mutumin sun zuba mini ido, Kawu da na kira a can yana laluben sunansa a kwamfuta da yatsa ɗaya. Allah ya kiyaye, mutumin ya tashi.

Injiniya ya ce gyaran ba wani abu ba ne, amma babban asusun shiga sabar da sunanka yake, kai kaɗai za ka iya sauya lambar wayar. In ba haka ba sai a rushe komai, kuma bai ba ni tabbacin bayanan za su tsira ba. Ga shi ƙarshen wata tela zai koma ƙauyensu jinyar mahaifinsa, can kuwa babu sabis. Har haƙuri ya ba ni, shi da bai ci ba bai sha ba. Auta, ba ziyara nake roƙo ba. Ka zauna ka shiga asusun nan ka sa lambata. In ka manta kalmar sirrin ne ka faɗa, babu mai yanka ka. Shirun ne ba zan yafe ba.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan mai sunan Baba. Kawu da Gwaggo suna gaisuwa, haka Inna. Wani lokaci tela kan kira da yamma don kawai ya gaishe mu. Sai Inna ta karɓi wayata ta daɗe tana kallo kafin ta amsa, domin har yau sunanka ne ke fitowa.

Ni ce taka,
Yaya