Ni Ce Na Ɗaga Na'urar Auna Jinin Kawu

Hajiya Ummu, ki taimake ni don Allah, kwana tara ke nan abu ɗaya yana damuna.

Kawuna Ɗantsoho, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, aka yi wa aikin ciki a wani babban asibiti, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman. An zura masa siririn bututu a jijiyar wuyan hannu, wai shi ke auna ƙarfin jini kai tsaye, lamba tana fitowa a allo. Bututun ya ratsa ta wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba, maƙale a ƙarfen ƙarin ruwa.

Ni kuwa Allah ya yi ni da hannun gyara. Ko gidan biki na je sai na daidaita labule. Da aka bar mu shiga, ni da matarsa Inna A'i, na ga na'urar ta yi ƙasa, bututu na reto. Gudun kada wani ya fizge, na zare ta, na maƙala ta can sama kusa da ledar ruwa, har ina yaba kaina.

Kafin in juya, lamba ta sauko daga ɗari da ashirin zuwa tamanin, inji ya hau kuka. Inna A'i ta fice tana salati, ta buga waya gida. Kafin la'asar mota biyu ta taso daga Gagarawa Tasha, a Gumel har an fara shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Shi kuwa Kawu idonsa biyu, goro yake nema. Yanzu ya warke, ya riƙe sunan duk wanda bai yi kuka ba.

Abin da ke cin raina shi ne halin da na jefa nas ɗin ɗakin, Zinariya. Har an haɗa allurar ɗaga jini kafin likita ya lura da inda na'urar take. Ya mayar da ita, lamba ta dawo, ya wanke Zinariya tas a gabanmu. Na ji an ba ta takardar tuhuma. Ni kuwa har yau ban faɗa wa kowa cewa ni ce na ɗaga ba. In na faɗa, dangi za su sa mini sunan da zai bi ni har kabari. In yi shiru?

Mai Hannun Gyara, Ɗanzomo

'Yata,

Na yi dariya, sannan na tambayi wata likita, dariyar ta ragu. Ta ce wajibi ne na'urar ta zauna daidai tsayin zuciyar majinyaci. Aka ɗaga ta, lamba ta sauka. Aka saukar, lamba ta hau, jini kuwa yana yadda yake. Shi ya sa ake sake daidaita ta duk lokacin da aka motsa gado, ana duba kumfar iska ko lanƙwasa a bututu, in lamba ta ba da mamaki a gwada da abin awon dantse. Da allurar nan ta shiga, da masu tabarmi ba su yi wahalar banza ba.

Niyyarki mai kyau ce, kuma asibitin da bai gargaɗi 'yan dubiya ba yana da nasa kason. Zinariya ma, ya kamata a ce ta duba tsayin na'urar kafin ta kira likita. Amma ana tuhumarta da abin da hannunki ya yi, a kan aikin da take ci da iyalinta.

Gobe ki je wurin shugabar nas-nas, ki faɗa, ki rubuta, ki sa hannu. Sannan ki nemi Zinariya ki ba ta haƙuri, ki tsaya ki ji duk abin da za ta faɗa miki. Tsokanar dangi kuwa ba ta taɓa kwantar da kowa a asibiti ba.

Nan gaba in za ki dubiya, ki riƙe lemo da hannu biyu har ki fito. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ya ba ki ƙarfin hali.

Hajiya Ummu