Jar Tawadar Malam Kyari

Asibitin Soja, Bakin Daga
Yuli, 1968

Zuwa ga mahaifina Malam Kyari, Madabo,

Gaisuwa mai yawa da ban girma, da fatan kuna lafiya kai da Hasana. Bayan haka, Baba, wasiƙata ta dawo mini. Da Turanci na rubuta ta don in faranta maka, tunda shi kake koyarwa. Na rubuta "Musa and I was shot", ka ja wa "was" layi da jar tawada, ka sa "were" a samanta. Na juya takardar gaba da baya, ko sannu ban gani ba.

To ga shi da Hausa. An harbe mu, ni da ƙanena Musa. Ni an yanke mini ƙafar hagu. Shi a cikinsa harsashi ya same shi, yana gadon da ke kusa da nawa, kullum sai ya tambaye ni ko ka amsa. Za a sallame ni daga soja, kuma ba ni da wurin zuwa sai gidanka. Don Allah ka yafe mini, ka ba ni izinin dawowa.

Ɗanka mai biyayya,
Mamman

Madabo, Kano

Mamman,

Bayan sallama, takardarka ta iso. Abu biyu in aka haɗa su da "and" sun zama jam'i. Na faɗa maka da baki, na faɗa da bulala a gaban aji, ba ka ji ba. Haka ka ƙi ji ranar da na ce kada ka ja mini Musa wurin ɗaukar soja. Kai faɗuwa jarrabawa ka yi ka gudu. Shi da yake zuwa na ɗaya, me ya yi maka?

Ƙafar da aka yanke ita ta fitar da kai daga gidana, ba ni da ta cewa a kanta. Ɗakinka na zuba littattafai a ciki. In Musa ya iya tashi a sa shi a jirgin ƙasa, zan tare shi a tasha. Shi kaɗai.

Wassalam,
Malam Kyari Babagana

Madabo, Kano

Ya Mamman,

Ina gaishe ka, ya jiki, ya jikin Musa? Allah ya ba ku lafiya. Wallahi ina jin kunyar abin da zan faɗa maka. Baba bai gaya mini an harbe ku ba. Maganar nan taka ta Turanci ya kwafa a allo, ya sa 'yan ajinsa suna gyarawa suna rerawa. A bakin famfo na ji 'Yardada, 'yar maƙwabtanmu, tana rera ta, na tambaye ta ma'anarta, ta fassara mini tana dariya. Nan na saki tulun ya fashe.

Na durƙusa masa ina kuka a kanka, ya ce in tashi kada tuwo ya ƙone. Amma ka ga ɗakin Musa kuwa! An yi masa farar ƙasa, an sa sabuwar katifa. Duk ranar da jirgi zai shigo daga kudu, sai Baba ya sa babbar riga ya tafi tasha, ya dawo shi kaɗai. Ka sake rubuto masa, ko zai sauko.

Ƙanwarka,
Hasana

Asibitin Soja

Baba,

Ina gaisuwa. Musa ya ga takardarka a hannuna, ya roƙe ni in karanta masa. Na karanta masa ita kaf, ban rage komai ba. Ya juya fuska bango, ran Alhamis ya cika.

Ni da sandata na raka shi, ni kaɗai a danginmu na san inda yake kwance. Ba zan dawo ba, kuma ba zan faɗa maka wurin ba.

Ka huta lafiya,
Mamman