Kyanwar Inna da Ɗakin da Na Kulle

Anti, don Allah ki taimake ni kafin Asabar, kuma kar ki yi min dariya, matsalata kyanwa ce.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyata. A wurinmu ta yi shekarunta na ƙarshe, a ɗakin baya, ita da kyanwarta da take kira 'Yar Mulki. Da can ba ruwana da mage, har mita nake wa Inna kan gashin da take bar min a yadin mutane. To ga shi ta zama gadona, kuma wuni da ita kullum ya sa na fara kasa kunne. Ashe ba kuka ɗaya gare ta ba. Akwai gajere da take yi idan na shigo, kamar gaisuwa. Akwai na yunwa, mai naci, ba ta fasawa sai ta ga kwano. In ta hango tsuntsu ta taga, haƙoranta ne ke kaɗawa, abin dariya. In kuma ta kwanta kusa da ƙafata ina taka keken ɗinki, sai ta riƙa wani gurnani ƙasa-ƙasa, har nakan rasa nata ne ko na keken. Ko duk kyanwa haka take, ko tawa ce mai surutu?

Na biyar ne ya gagare ni. Kullum bayan la'asar sai ta je ƙofar ɗakin Inna ta zauna, ta ja wani dogon kuka, ta juyo ta kalle ni, ta sake ja. A wannan lokacin ne Inna ke buɗe taga, rana ta sauka a kan kujerarta, su zauna su biyu, tana yi wa kyanwar hira kamar mutum. Tun ranar da aka fita da gawar Inna na kulle ɗakin. Makullin yana cikin gwangwanin maɓallai, ban sake shiga ba.

Maigidana direba ne, daidai lokacin yake dawowa a gajiye. Ya ce kukan na tayar masa da tsigar jiki, yayarsa kuma ta ƙara masa da cewa wani abu kyanwar ke gani. Ya yanke cewa ran Asabar zai saka ta a kwali ya kai ta nesa. Ni ma wani lokacin gabana kan faɗi, amma ba na son a raba ni da ita. Me take cewa ne, Anti?

Mai keken ɗinki

'Yar uwa, Allah ya ji ƙan Inna, ya ba ki haƙuri.

Ban yi dariya ba, kunnenki ma burge ni ya yi. Gaisuwar, yunwar da gurnanin jin daɗin duk kin fassara su daidai, kaɗa haƙoran kuma ƙwalele ne, ta ga nama ba halin kamawa. Babbar kyanwa ba ta cika yi wa 'yar uwarta irin wannan kukan ba, mu mutane take yi wa, don ta lura shi ke sa mu tashi. Shi ya sa take juyowa ta kalle ki. Da wani abu take gani a ɗakin, ai ba ke za ta riƙa kallo ba.

Amsar tana cikin wasiƙarki. Shekaru ta yi tana samun rana, kujera da hira bayan la'asar, sai aka wayi gari ƙofa a rufe. Cewa take a buɗe mata.

Kar ki ga baƙin maigida. Wanda ya wuni a kan hanya yana da haƙƙin ya tarar da gida shiru, kuma kuka a ƙofar mamaciya zai taɓa zuciyar kowa. Ki zaunar da shi bayan ya ci ya huta, ki roƙi mako biyu. Ki faɗa masa gaskiya cewa kyanwar nan ta Inna ce kuma rabuwa da ita zai yi miki ciwo, don ina zaton abin da ya sani kawai shi ne kina mitar gashi. In kukan bai ragu ba, ko ta daina cin abinci, ko tana yi lokacin fitsari, ku kai ta wurin likitan dabbobi, don ciwo ma kan sa dogon kuka.

Amma kafin nan, gobe bayan la'asar ki zazzage gwangwanin maɓallan nan. Ki buɗe ɗakin, ki buɗe tagar, ki ɗauki ɗinkin hannu ki zauna a kujerar. Za ki yi kuka, ki yi abinki, ba laifi ba ne. Wata uku ku biyu kuna tsaye a ƙofar nan, ita ce dai ke faɗa da ƙarfi.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya bar ki da 'Yar Mulki.